Birnin da ke Saukowa: Tarihin Surar Sabuwar Urushalima a Hannun Masu Karanta Ta

Gabatarwa

A babi biyu na ƙarshe na Littafi Mai Tsarki na Kirista, watau babi na 21 da na 22 na littafin da Hausawa Kirista suke kira Ru'ya ta Yohanna, wasu kuma Wahayin Yahaya, marubucin ya zana yadda tarihi zai ƙare: sama da ƙasa na farko sun shuɗe, an sabunta halitta, sa'an nan wani birni mai suna Sabuwar Urushalima ya sauko daga wurin Allah zuwa doron ƙasa. Mai karatun da ya tashi cikin Musulunci zai lura da bambanci nan take, domin kalmar aljanna da muka aro daga Larabci asalinta lambu take nufi, alhali kuwa a nan makomar birni ce mai ganuwa da ƙofofi da titi, lambun yana cikinsa.

Gaskatawa ko ƙaryata wahayin aikin masana tauhidi ne. Mu abin da za mu bi a wannan maƙala shi ne tarihin yadda aka karanta surar, da abin da karatun ya haifar a rayuwar mutane. Ra'ayinmu shi ne nassin ya ba birnin siffofi uku masu wuyar riƙewa: saukowa yake yi ba ginin mutum ba ne, babu haikali a cikinsa, kuma ba a rufe ƙofofinsa. Duk al'ummar da ta ƙosa ta ga birnin a zamaninta, sai ta saki ɗaya daga cikin siffofin nan, ko kuwa ta ƙara abin da nassin bai ambata ba, watau wuri da rana. Abin da ta saki ko ta ƙara shi ke nuna wa masanin tarihi irin matsin da take ciki da irin ikon da take nema.

1. Asalin surar: birnin da aka rushe sau biyu

Surar ta samo asali ne daga asarar birni. A wajen shekarar 586 kafin Miladiyya, Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima, ya ƙone haikalin Sulemanu, ya kwashi manyan gari zuwa ƙasarsa. Ezekiyel, firist ne da aka kai Babila tun shekarar 597, ya cika babi tara na ƙarshen littafinsa (40 zuwa 48) da awon sabon haikali: wani mutum riƙe da karan awo yana auna bango da ƙofa da farfajiya. Ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dokin ƙofar haikalin, ya zama kogi, ya gangara zuwa Tekun Gishiri ya gyara ruwansa, itatuwan bakinsa suna ƴaƴa kowane wata. Birnin kuma murabba'i ne mai ƙofa goma sha biyu, uku a kowane gefe, da sunayen kabilun Isra'ila.

A babi na 65 na littafin Ishaya, wanda masana da yawa suke danganta shi da zamanin bayan dawowa daga Babila, aka fara maganar sabuwar sama da sabuwar ƙasa. Abin lura a nan shi ne sabuwar ƙasar ta manomi ce: mutum ya gina gida ya zauna a cikinsa, ya dasa inabi ya ci amfaninsa, kada ya yi wahala wani ya kwashe. Mutuwa ma tana nan, tsawon rai ne kawai ya ƙaru. Burin mutanen da aka daɗe ana ƙwace wa gumi ke nan.

A shekarar 70 Miladiyya, Titus ya sake rushe Urushalima da haikalinta na biyu. Bisa ga shaidar Ireniyus bishop na Liyon, an ga wahayin Yohanna a ƙarshen mulkin Domitiyan (81 zuwa 96), kuma yawancin masana suna sa rubutun a wajen shekarar 95. Marubucin yana tsibirin Fatmos, yana rubuta wa ikilisiyoyi bakwai na yammacin ƙasar da muke kira Turkiyya a yau, cikinsu har da Afisa da Simirna da Lawudikiya. Waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ne da ke taruwa a gidaje, cikin biranen da ake yi wa sarkin Roma bauta a haikalai. Kafin ya nuna musu birnin da ke zuwa, sai da ya nuna musu faɗuwar wani birnin, Babila, mai zaune a kan duwatsu bakwai, wanda kowa ya san Roma ake nufi. A babi na 18 ya jera kayan fatauci ashirin da takwas da jiragen ruwa ke kai mata, daga zinariya da siliki da hauren giwa, har ya rufe da bayi. Saboda haka Sabuwar Urushalima amsa ce ga wani birni na zahiri, kuma duk karatun da ya raba babi na 21 da na 18 ya rasa rabin ma'anar.

2. Abin da nassin ya ƙunsa

Awon birnin ya wuce abin da magini zai iya. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya ne, 12,000 da ma'aunin Girkawa na sitadiya, watau kimanin kilomita 2,200, wanda ya fi nisan hanyar Yamai zuwa Diffa sau ɗaya da rabi. Ganuwarsa kamu 144 ce, watau 12 sau 12. Ƙofofin suna ɗauke da sunayen kabilu goma sha biyu, harsasan kuma da sunayen manzanni goma sha biyu. Siffar nan mai tsawo da faɗi da tsayi daidai ita ce ta Wuri Mafi Tsarki a haikalin Sulemanu, mai kamu 20 ta kowane gefe, ɗakin da babban firist kaɗai ke shiga sau ɗaya a shekara. Daga nan muke fahimtar dalilin da ya sa Yohanna ya ɗauki kogin Ezekiyel da itatuwansa da ƙofofinsa, amma ya bar haikalinsa: birnin gaba ɗaya ya zama wannan ɗaki, don haka babu sauran shamaki tsakanin firist da talaka.

Kalmar birni, wadda fassarar Hausa ta yi amfani da ita tun cikakken bugu na farko na 1932, tana taimakon mai karatu a nan. A ƙasar Hausa gari ba ya zama birni sai da garu, kamar wanda aka kewaye Damagaram da shi zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, kuma amfanin ƙofa shi ne sarkin ƙofa ya rufe ta idan dare ya yi. Birnin Yohanna yana da ganuwa, amma ƙofofinsa a buɗe suke kullum domin babu dare, sarakunan duniya kuma suna shigowa da darajarsu, ganyen itacen rai yana warkar da al'ummai. Duk da haka nassin ya lissafa waɗanda ba za su shiga ba, irin su masu kisa da matsafa da maƙaryata. Tantancewar a hannun Allah take cikin nassin. Tarihin da za mu gani a gaba shi ne na yadda mutane suka yi ta miƙa hannu ga mabuɗin.

3. Masu jira a Firijiya, da majami'ar sarki

Kiristocin farko da yawa sun ɗauki alkawarin a zahirinsa. A wajen shekarar 160 Yustin Shahidi ya rubuta cewa shi da wasu suna sa ran shekara dubu a Urushalima da za a sake ginawa, ko da yake ya yarda akwai Kirista na kirki da ba su ga haka ba. Tartuliyan na Kartaj ya ruwaito cewa an ga siffar wani birni a sararin Yahudiya kowace safiya har kwana arba'in.

A rabi na biyu na ƙarni na 2, a lardin Firijiya, Montanus da wasu mata biyu masu annabci, Firiskila da Maksimila, suka raɗa wa ƙananan garuruwa biyu, Pepuza da Timiyon, sunan Urushalima, suka nemi mutane su taru a can. Daga baya Ebifaniyus ya ruwaito cewa mabiyansu sun gaskata a Pepuza ne birnin zai sauko. Su ba su yi da'awar gina shi ba. Wurin saukarsa suka nuna. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin bishop-bishop, domin idan birnin zai sauko a ƙauyen Firijiya bisa ga bakin annabiya, to iko ya bar hannun shugabannin manyan birane. Ƙungiyar ta rayu kusan shekara ɗari huɗu, har wajen 550 lokacin da Yohanna na Afisa ya rushe wurin ibadarta zamanin Sarki Yustiniyan. Sai a shekarar 2000 William Tabbernee da abokan aikinsa suka gano kufan Pepuza a lardin Ushak na Turkiyya.

Da daular Roma ta rungumi Kiristanci, sai karatun ya juya. Yusibiyus na Kaisariya, wanda ya yi ɗari-ɗari da littafin Yohanna, ya bayyana majami'ar da Kwanstantin ya gina a kan kabarin Almasihu, wadda aka keɓe a 335, a matsayin abin da wataƙila shi ne sabuwar Urushalimar da annabawa suka faɗa. Birnin da aka rubuta don ƙalubalantar Roma ya koma ginin sarkin Roma.

4. Agustin da birane biyu

A watan Agusta na 410, Alarik da mayaƙansa suka shiga Roma suka washe ta kwana uku. Masu bin tsohon addini suka ce barin gumaka ne ya jawo masifar, Kiristocin da suka haɗa begensu da daula kuma suka rasa ta cewa. Agustin, haifaffen Tagaste (Suk Aharas a Aljeriya ta yau) kuma bishop na Hippo (Annaba), ya amsa da littafinsa Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya rubuta daga 413 zuwa 426.

Hujjarsa ita ce ƴan Adam sun kasu birni biyu bisa ga abin da suke so: ɗaya ya ginu a kan son kai, ɗayan a kan son Allah. A wannan duniya biranen biyu a cuɗe suke, cikin daula da cikin ikilisiya, kuma babu mai iya tsefe su kafin ranar shari'a. Mutanen birnin Allah baƙi ne masu wucewa, suna amfani da zaman lafiyar duniya yadda matafiyi ke amfani da masauki. A kashi na 20 ya bar ra'ayin shekara dubu ta zahiri, wanda ya ce shi ma ya taɓa riƙewa, ya fassara ta da dukan zamanin ikilisiya, yana bin sawun wani malamin Afirka ta Arewa mai suna Tikoniyus. Da wannan ya cire wa birnin wuri da rana, kuma fassararsa ta zama ta ikilisiyar Yamma har fiye da shekara dubu.

Amma fa kada mu manta cewa Agustin ɗin nan ne ya goyi bayan hukuma ta tilasta wa ɗariƙar Donatawa komawa cikin ikilisiyar Katolika. Kuma da aka ce ikilisiya ta yanzu ita ce mulkin shekara dubu, sai waɗanda suka zo bayansa suka sami sauƙin mantawa da cuɗanyar da ya nanata, suka ɗauki ikilisiyar da ido ke gani a matsayin birnin kansa.

5. Birnin a dutse da tagulla

A tsakiyar zamani surar ta shiga hannun magina da maƙera. A babbar majami'ar Hildesheim ta Jamus akwai fitilar da'ira ta ƙarni na 11, mai faɗin kimanin mita 6, da aka ƙera kamar ganuwa mai hasumiya goma sha biyu da ƙofa goma sha biyu, tana rataye bisa kan masu ibada: birnin ne yana saukowa, amma bai sauka ba tukuna.

Misali mafi girma yana Habasha. A garin Roha, wanda daga baya ya ɗauki sunan Sarki Lalibela na daular Zagwe (ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13), akwai majami'u goma sha ɗaya da aka sassaƙa daga dutse, ana haƙawa daga sama zuwa ƙasa. Sunayen wuraren na Ƙasa Mai Tsarki ne: rafin da ya ratsa tsakaninsu Yordanos ne, akwai majami'ar Golgota, akwai Dutsen Zaitun. An sha danganta aikin da karɓe Urushalima da Salahuddin ya yi a 1187. Tarihin waliyyancin sarkin, wanda aka rubuta a ƙarni na 15, ya ce sama aka kai shi aka nuna masa majami'un, kuma mala'iku ke ci gaba da aikin da dare. Binciken David Phillipson kuwa ya nuna cewa wasu daga cikin gine-ginen sun girmi sarkin da ƙarnuka, kuma da farko ba don ibada aka sassaƙa su ba. Labarin mala'ikun yana da amfani ga masanin tarihi ko da haka, domin yana kare siffar farko, cewa birnin daga sama yake, yana kuma halatta daular Zagwe wadda ba ta daga zuriyar da ke danganta kanta da Sulemanu. Siffa ta biyu ce aka saki: birnin da nassi ya ce ba shi da haikali ya zama birnin majami'u zalla.

6. Munster, 1534 zuwa 1535

Inda karatun ya fi tsada shi ne Munster, a arewa maso yammacin Jamus. Melchior Hoffman, mai wa'azin baftismar manya, ya ce Strasbourg ce za ta zama Sabuwar Urushalima a 1533. Hukumar garin ta kulle shi har ya mutu a kurkuku. Mabiyansa na Holan, ƙarƙashin Jan Matthys, mai gasa burodi daga Haarlem, suka mai da annabcin kan Munster, inda wa'azin Bernhard Rothmann ya riga ya share fage. A watan Fabarairu na 1534 suka ci zaɓen majalisar gari, Bernhard Knipperdolling ɗan kasuwar tufafi ya zama magajin gari. A ƙarshen watan aka kori duk wanda ya ƙi sake baftisma, cikin tsananin sanyi. Bishop Franz von Waldeck, wanda shi ne kuma sarkin ƙasar, ya kewaye garin da sojoji.

A cikin ganuwa aka hana amfani da kuɗi, aka tara dukiya wuri guda, aka ƙone littattafai ban da Littafi Mai Tsarki. Aka kuma umarci kowa ya bar ƙofar gidansa a buɗe, alhali ƙofofin gari suna rufe. Ranar Paska, 5 ga Afirilu 1534, ranar da aka sa ran ƙarshen duniya, Matthys ya fita da ƴan mutane kaɗan ya tunkari rundunar bishop, aka kashe shi. Jan na Leiden, tela ne matashi, ya gaje shi. Ya rushe majalisa ya naɗa dattawa goma sha biyu, a watan Yuli ya wajabta auren mata da yawa a garin da mata suka ninka maza kusan sau uku, a watan Satumba kuma aka naɗa shi sarki a kan gadon Dawuda. Yunwa ta ci garin, masu gardama suka sha takobi. A daren 24 zuwa 25 ga Yuni 1535 aka nuna wa sojojin bishop hanyar shiga, suka yi kisa mai yawa. Ranar 22 ga Janairu 1536 aka azabtar da Jan da Knipperdolling da Bernhard Krechting har suka mutu, aka sa gawarwakinsu cikin kejin ƙarfe uku a hasumiyar majami'ar Lambert, inda kejin suke rataye har yau.

Dole mai nazari ya yi hattara da majiyoyin, domin manyansu biyu daga abokan gaba suka fito: Heinrich Gresbeck, kafintan da ya taimaka wajen ba da garin, da Hermann von Kerssenbrock, malamin makaranta ɗan Katolika. Amma tsarin abin a fili yake. An sa wuri, an sa rana, da ranar ta wuce ba abin da ya sauko, sai jira ya koma gini, gini kuma ya buƙaci sarki da mai tsaron ƙofa. Sakamakon ya shafi dubban masu baftismar manya da ba su taɓa ɗaukar makami ba, waɗanda aka yi ta farauta a faɗin Turai da sunan Munster. Menno Simons, wanda ya bar aikin firist a 1536, ya tattara ragowarsu a kan aƙidar ƙin takobi.

Karatun bai tsaya a Turai ba. A Kwango ta Beljik, Simon Kimbangu ya fara wa'azi da warkarwa a ƙauyen Nkamba a watan Afirilu na 1921. Kafin shekarar ta ƙare an yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, ya mutu a kurkukun Elizabetbil (Lubumbashi) a 1951. Mabiyansa, waɗanda aka tarwatsa zuwa larduna masu nisa, suka kira Nkamba Sabuwar Urushalima, kuma can aka mai da gawarsa a 1960. Halin ya fi kama da na Fatmos fiye da na Munster: mutanen da aka raba da garinsu ne suke ba shi sunan da mai mulki ba zai iya ƙwacewa ba.

7. Sabuwar halitta: ƙonewa ko gyara

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce makomar ƙasar da muke takawa. Wasiƙar Bitrus ta biyu tana maganar wuta da za ta narkar da abubuwa, Bulus kuma a babi na 8 na wasiƙarsa ga Romawa yana kwatanta halitta da mace mai naƙuda da ke jiran ƴanci. Ireniyus, yana jayayya da masu cewa jiki da ƙasa mugayen abubuwa ne, ya tsaya a kan cewa siffar duniya ce za ta shuɗe, ainihinta zai saura, kuma Agustin ya bi wannan hanya. A ƙarni na 20 tambayar ta dawo da sabon nauyi. Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana a 1965 cewa begen sabuwar ƙasa bai kamata ya rage kulawa da wannan ƙasar ba. A 1967 masanin tarihi Lynn White ya ɗora wa Kiristancin Yamma babban alhakin lalacewar muhalli, muhawarar da wasiƙar Fafaroma Faransis ta 2015 a kan kula da muhalli ta shiga. Wanda ya gaskata ƙasa makamashi ce da wanda ya gaskata gyara ta za a yi ba za su kalli daji da kogi da ido ɗaya ba.

Kammalawa

Mun ga sura ɗaya ta yi ayyuka dabam-dabam: ta'aziyya ga korarru a Babila da Fatmos da Nkamba, hujjar sarauta ga Kwanstantin da Zagwe, dalilin haƙuri ga Agustin, da izinin takobi a Munster. Bambancin bai fito daga nassin ba, tun da nassin bai canza ba. Ya fito ne daga matsayin mai karatu game da ƙofa, ko yana waje an kore shi, ko yana ciki da mabuɗi a hannu. Muna ba ɗalibai masu nazarin ƙungiyoyin addini, na Kirista ko na wasu, shawarar su riƙa yi wa kowane birni mai tsarki tambayoyin da suka taso daga wannan tarihi: wa aka ce ya gina shi, wa ke hidima a haikalinsa, wa kuma ke yanke hukuncin wanda zai kwana a waje.